Ruwa ya ci shinkafata a gonar haya: tallafin na mai gona ne ko na wanda ya shuka?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, kuma ina roƙon wanda ya san aikin gona ko aikin gwamnati ya warware mini ita, domin ta tsaya mini a rai. Idan hukuma ta ce za ta tallafa wa manoman da ambaliya ta shafa, wane ne manomin? Wanda gonar take tasa, ko wanda ya zuba kuɗinsa da guminsa a cikinta?

Ni mazaunin Kurna ne, ina da ɗan shagon kayan masarufi a bakin titin Katsina. A ƙauye aka haife ni, da fartanya na tashi, sai dai da aka raba gonar gadonmu abin da ya zo hannuna bai kai a kira shi gona ba. Shi ya sa nake kama haya. Bana ni da ƙanena muka kama eka biyu a wani ƙauye ta wajen Bunkure, wuri mai kwari, irin wanda shinkafa take so. Kuɗin adashina na kwasa na biya hayar tun kafin ruwan fari. Maiɗakina ta sayar da tumakinta biyu ta ba ni na haɗa na sayi iri da maganin ciyawa. Taki kuwa, kamfa da yuriya, rabi na biya, rabi dila ya ba ni bashi zuwa kaka. 'Yan ƙwadago suka yi mana dashe, ƙanena ya tare a can yana kula da wurin, ni kuma ina leƙawa ranar da kasuwa ta yi sanyi.

Shinkafa ta yi kyau har ta ɗauki ciki. Ƙarshen watan Agusta aka kwana ana tsuga ruwa, rafin da ke gefenmu ya ɓalle. Da na isa ban ga gona ba, ruwa ne shimfiɗe har gindin bishiyoyin mangwaron da ke kan iyaka. Da ya fara janyewa ƙanena ya shiga, ruwan yana kai masa ƙugu, ya tumɓuko tushe guda ya miƙo mini. Karan ya yi baƙi, ya yi laushi, yana wari, laka ta like ganyen. Ko dabba ba za ta ci ba.

Bayan nan wasu jami'ai suka zo ɗaukar sunaye. A ƙofar gidan dagaci aka zauna, mai unguwa yana faɗa suna rubutawa: gonar wane, gonar wane, gonar magadan wane. Ƙanena ya matsa ya ce mu ne muka noma wannan. Aka tambaye shi gonar wa ce, ya faɗa, aka rubuta sunan mai ita. Da kaya suka iso, shi aka kira ya karɓi taki da iri da injin feshi da ɗan abinci.

Ina so a fahimce ni, ba na zargin mutumin nan da sata. Dattijo ne, a nan cikin gari yake zaune, mun daɗe muna mu'amala lafiya, kuma bai roƙi kowa ya rubuta sunansa ba. Amma kuɗin hayarsa ya shiga aljihunsa cif tun kafin damina, ni kuma dila yana jirana. Har yanzu ban tunkare shi da maganar ba, saboda ina so in san matsayina tukuna. Shin a ƙa'ida ina da haƙƙi a kayan nan? In kuwa babu, to irinmu masu noma a gonar haya, da muke da yawa ƙwarai tun daga Kura har Garun Malam, ta wace ƙofa ake ganinmu?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri, ya ba ka ikon biyan bashin nan cikin sauƙi. Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, kuma abin da ka faɗa na gan shi a ƙauyuka da dama.

Amsarka a taƙaice: kayan da aka bayar saboda amfanin gona ya lalace, wanda ya yi asarar amfanin ne ya cancanta, wato kai. Taki da iri ana ba da su ne don wanda ya faɗi ya tashi ya sake shuka. Amma mai rubuta suna ba ya auna cancanta, abin da zai iya tabbatarwa yake rubutawa. Ya zo ƙauye da mota ɗaya, yana da garuruwa da yawa a gabansa kafin magariba, ba shi da wata takarda da ta nuna wa ya shuka me. Mai unguwa shi ne kundinsa, shi kuma mai unguwa da sunan masu ita ya san kowace gona, tun daga kakanni. Kai baƙo ne mai zuwa damina ɗaya. Babu mugunta a wannan matakin sau da yawa. Muguntar tana shigowa ne bayan takardar ta bar ƙauye, inda ake cusa sunayen 'yan siyasa da yaransu da manoman bogi waɗanda ba su san hanyar gonar ba.

Sannan ka raba abubuwa uku da mutanenmu suke haɗawa su kira su duka tallafi, domin kowanne da ƙofarsa.

Akwai agajin gaggawa na bayan bala'i. Wannan aikin NEMA ne a tarayya, wadda aka kafa a 1999, da SEMA a jiha. Kyauta ne, ba a biya, amma kullum bayan ɓarna ake fara ƙirga mutane, cikin gaggawa, kuma kayan ba sa taɓa isa. Ka tuna 2022, lokacin da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, sama da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, maƙwabtanmu na Jigawa suka ga tashin hankali tun daga Ringim har Haɗeja. Wace hukuma ce za ta tantance wannan taron gona-gona cikin 'yan makonni? Dole ta jingina da masu unguwanni da kansiloli.

Akwai kuma rangwamen kayan noma, wanda ba sai an yi bala'i ba. A nan ne na ga tsarin da ya fi kusa da adalci a iya aikina, wato shirin tallafin taki da iri na GES da aka fara a 2012 lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa a tsohon tsari kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin gwamnati yake isa gare su. Sai aka yi wa manoma rajista da lambar wayarsu, saƙo ya shigo maka, ka je cibiya ka biya rabin kuɗi ka ɗauki buhu biyu, kamfa ɗaya yuriya ɗaya. Yana da nasa matsalolin: wani ba shi da waya, wani garin babu sabis, wani lokacin takin sai an yi nisa da shuka yake zuwa, kuma buhu biyu ba sa isar mai eka da yawa. Amma abin da nake so ka lura da shi, mutum aka yi wa rajista, kuma tun kafin damina. Mai haya ya shiga, mace ta shiga. Tsarin alkama na noman rani da aka ƙaddamar a Jigawa a Nuwamban 2023 shi ma rabin kuɗi aka ce manomi ya biya a lokacin. Illar irin wannan ga wanda ruwa ya ci ita ce ba shi da rabin da zai biya. Shi ya sa za ka ga mai kuɗi tsaye a bakin cibiya yana biya wa mutane, ya ba su ɗan na cefane, ya loda kayan a mota, bayan kwana kaɗan ka gan su a kasuwa.

Na uku bashi ne. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 bashi ne da ruwa a kansa, ta hannun ƙungiyoyi irin su RIFAN ta manoman shinkafa ake shiga, da lambar BVN, a auna gonarka. Fiye da naira tiriliyan ɗaya aka fitar a cikinsa. Mutane da yawa suka ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa suka ƙi biya, wasu kuma ruwa ya cinye su da gaske ba su da abin biya, aka haɗa su aka yi musu kuɗin goro. Yau shirin ya tsaya, kuma manomin kirki ne ya fi kowa asara da tsayawarsa.

Abin da ya fi dacewa da halin da ka shiga shi ne inshora, kuma shi ne mutanenmu suka fi nisa da shi. Tun 1987 gwamnatin tarayya take da tsarin inshorar noma, hukumar inshorar noma ta NAIC ke riƙe da shi, gwamnati tana ɗaukar rabin kuɗin da manomi zai zuba a kan amfanin abinci. Inshora amfanin da ke cikin gona take karewa da sunan wanda ya zuba, ba ta tambayar wa ya gaji filin. Na san wasu suna da shakku a kanta ta fuskar addini, ga wannan sai a nemi malamai, kuma yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci.

Shawarata, ka je wurin dattijon nan, amma kada ka je kai kaɗai. Ka ɗauki wani babba da yake jin nauyinsa.

Uwargida Mai Gumi ta amsa:

Ƙanena sannu, Allah ya sa kaffara ce. Ka gaishe da maiɗakinka, ita na fi tausayawa, don na san abin da tumaki biyu suke nufi a wurin mace.

Baba Malam ya yi bayani, Allah ya saka. Ni ina so in ƙara wasu da ko kai da ƙanenka kun fi su gata, domin ku aƙalla kun tsaya a gaban mai rubutu an ji muryarku. Ni 'yar Kura ce aure ya kawo ni Dorayi, sana'ata gumin shinkafa, na gaje ta wurin mahaifiyata. Duk shekara ina ba wasu manoma kuɗi tun farkon damina su yi aiki, da kaka su biya ni da shanshera. Bana biyu daga cikinsu ruwa ya share su. Zan kai su ƙara ne? Ina! Da me za su biya? Tukwanena ga su nan a kife, matan da nake ɗauka suna taya ni shanya da tsinta suna gida. A wace takarda za a rubuta mu?

Haka matan da suke fita dashe da safe su dawo da la'asar ƙafafu duk sun yi fari saboda ruwa, da masu shiƙa, da masu kala bayan an yi bugu, da samarin da suke yanka. Wanda shinkafar mutane ita ce abincin gidansa, ranar da ta nutse shi ma ya nutse, amma ba shi da gonar da za a nuna. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba yau aka fara ba. Lokacin murar tsuntsaye ta 2006 gwamnati ta sa naira 250 a kan kowace kaza da jami'ai suka kashe. Masu manyan gidajen gona da suka kai rahoto aka ƙirga nasu aka rubuta. Mu da kajinmu suke yawo a tsakar gida, kafin labari ya kai ko'ina sun mutu mun binne. Surukata da kajin nan take sayen sabulu da maganin jikokinta, ba wanda ya tambaye ta ko nawa ta rasa.

Ni buƙatata ɗaya ce. In an gama rubuta sunaye, a liƙa takardar a bangon makarantar firamare ko ƙofar gidan dagaci, ta yi mako guda kowa ya karanta, a karanta wa wanda bai iya ba, kafin a raba ko da kwano ɗaya. Mutanen gari sun san wanda ya yi noma da wanda bai yi ba. Kuma a sa mata a cikin masu tantancewa, don akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba, kuma zawarawa da masu marayu a ciki suke.

Mai Gona a Kadawa ya amsa:

Ni ina ba da haya, don haka bari in faɗi namu ɓangaren, kada a mai da mu azzalumai gaba ɗaya. Malam Ɗan Kurna, asararka ta damina ɗaya ce, kuma ba na raina ta. Amma in ruwa ya ɓalle, gonar ma tana ciwo. Tawa an taɓa yi mata haka: ruwa ya yanke ta gida biyu ya bar kwazazzabo a tsakiya, ya kwashe ƙasar sama, ya jibge rairayi a gefe guda. Mai hayar ya yi mini sallama ya kama wani wuri. Ni na kira tarakta, ni na biya masu gyaran fangali, ni na zuba takin gargajiya, kuma shekarar da ta biyo baya ba wanda ya yarda ya kama ta da farashin da.

Don haka ban yarda a ce mai gona ba shi da komai a ciki ba. Abin da na yarda da shi, iri da abinci na wanda ya shuka ne, babu ja. In gonar ta lalace, a duba mai ita a taki ko a kuɗin gyara. In kuwa ruwa ya kwanta ne kawai ya janye bai yi mata illa ba, to tsakani da Allah bai kamata ya riƙe ko buhu ɗaya ba. Ka je ka duba gonar da idonka kafin ka je wurinsa.

Ɗalibin Tattalin Arziki ya amsa:

Iyayena sun faɗi na gida, ni zan kawo na waje kaɗan, domin tambayar nan an yi ta a wasu ƙasashe kuma amsoshinsu sun bambanta.

A Amurka, da China ta ƙara wa waken suyarsu haraji a rikicin kasuwanci, gwamnatin Trump ta biya manoma wajen dala biliyan 23 a 2018 da 2019. A dokarsu, wanda yake ɗauke da kasadar amfanin gonar shi ake biya. In mai fili ya karɓi kuɗin hayarsa tsaba ya koma gefe, mai hayar ne yake karɓa, wato irin matsayin Yaya Ɗan Kurna. Sun iya yin haka ne saboda duk shekara manomi yana kai rahoton abin da ya shuka da girman wurin ga ofishin noma na yankinsa, tun kafin wani abu ya faru. Nasu ciwon daban ne: da yake da yawan amfani ko faɗin gona ake lissafi, manyan gonaki suka kwashi kaso mafi tsoka, aka yi ta suka a kai.

Indiya ta bi ɗaya hanyar. Shirin PM-KISAN da aka fara a 2019 yana tura rupi 6,000 a shekara, kashi uku, kai tsaye cikin asusun manomi. Kuɗin yana isa ba tare da ɗan tsakiya ba, amma da takardar mallakar fili ake shiga, saboda haka masu haya suna waje. Wannan ya nuna cewa ko an kawo NIN da BVN da alat a waya, in ma'aunin shi ne mallakar gona, Yaya ba zai samu ba.

Maganar Hajiya Mai Gumi ta liƙa sunaye kuwa, a Tarayyar Turai doka ce a wallafa waɗanda suka karɓi tallafin noma da abin da suka karɓa. Mu a nan an ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a Yulin 2023, a watan Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha. Irin waɗannan alƙaluman na sama muna jin su a rediyo. Na ƙasa, wato wa ya karɓa a wace mazaɓa, su ne ya kamata mu riƙa tambayar kansilolinmu da 'yan majalisarmu.

Ɗan Kurna ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Alhaji na Kadawa na fara zuwa gonar. Gefen rafi ya zaizaye, akwai gyara, amma sauran lafiya lau. Daga nan na ɗauki limamin masallacinmu muka je wurin dattijon. Ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce abincin ya riga ya rabar wa 'yan'uwansa na ƙauyen da ruwa ya rushe musu ɗakuna, kuma na yarda da shi. Iri da injin feshi ya ce in aika a ɗauka. Takin mun raba biyu saboda gyaran da zai yi. Ya kuma ce in ina son wurin da rani, in shiga in biya haya bayan girbi.

Na ji daɗi, amma zuciyata ba ta kwanta gaba ɗaya ba, domin kirkinsa ne ya ba ni, ba takarda ba. Akwai wani bawan Allah da muke iyaka da shi, shi ma haya ce, mai gonarsa ko waya ba ya ɗauka. Hajiya, saƙonki ya isa wurin maiɗakina, ta ce a gaishe ki.

Baba Malam, tunda zan shiga rani, me zan yi tun yanzu don sunana ya zama yana wani wuri?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Madalla, Allah ya saka wa dattijon nan. Ɗana, ka fara da takardar haya ko da a fallen littafin makaranta ce: sunanka, sunansa, inda gonar take da maƙwabtanta ta gabas da yamma, kudu da arewa, kakar da ka kama, abin da za ka shuka. Ku ƙara layi ɗaya cewa in aka yi bala'i, abin da aka bayar domin amfanin gona naka ne, na gyaran fili nasa. Mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, ka bar masa kwafi, don ranar da masu rubutu suka zo bakinsa za su saurara.

Sannan ka nemi malamin gona na KNARDA, hukumar raya noma ta Jihar Kano, da ke kula da yankin, ka shiga ƙungiyar manoman wurin, da ta masu amfani da ruwa in gonar tana kan layin ruwan Tiga. Ka tabbatar sunan da ke kan NIN ɗinka da BVN da layin wayarka iri ɗaya ne, harafi da harafi, domin saɓanin suna ya hana mutane da yawa kayansu. Ka ja maƙwabcin nan naka ku je tare. In alkama za ka yi kada ka yi sanya, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake so iri ya shiga ƙasa don ya samu sanyin hunturu.